Ɗaliban Aro

"Labo, tsoro nake ji," in ji Mushe Yahuza, wato Malam Yahuza. "Gobe sufeto zai zo daga Yamai ya kalli darasina, ga aji babu kowa."

Ya tsufa yana koyar da Ingilishi a wata lakol, wato kwaleji, a Gidan Rumji, wannan gwaji kaɗai ya rage masa ya samu babbar difloma. Ɗalibai kuwa sun tafi yajin neman a kafa jam'iyyu da yawa.

Labo, malamin Faransanci, ya yi dariya. "Kai dai da fargaba. Samarin Najeriya suna nan tasha, sun kawo kaya daga Jibiya. Ingilishi a bakinsu kamar ruwa. Ni zan aro maka su."

Haka aka yi. Washegari samarin suka cika aji, sufeto ya zauna a baya. Yahuza na tambaya, amsa na zubowa, Labo yana leƙe ta taga yana murmushi.

Da aka gama, sufeto ya miƙe cike da farin ciki, yaran ma suka miƙe. Ya yaba musu da Faransanci, ya ce su zauna. Ba wanda ya motsa. Ya maimaita. Ya tambayi na gaba sunansa, yaron ya sosa ƙeya.

Yahuza ya waiga wajen taga.

"Mushe, ka ci gwaji," in ji sufeto. "Amma a ce ɗaliban kwaleji ba sa jin ko kalma ɗaya ta Faransanci? A kira mini malaminsu na Faransanci. Yau zai bar lakol ɗin nan."