Wasiƙar Malam Mukhtar

Kwana tara Malam Mukhtar ya yi da ƙamus a cinya kafin ya gama wasiƙa ta uku.

Matsalar garin Tsamiyar Bakari kowa ya san ta. Ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwan da ke ratsa fadama, kuma in ba a yashe ta kafin damina ba, gonakin shinkafa sittin za su nutse kamar bara. Ofishin da ke da katafila yana Haɗejiya, ba ya karɓar koke sai a rubuce, da Turanci. A garin kuwa Turanci na Malam Mukhtar ne, tsohon malamin firamare da ya taɓa zama a Kaduna wata huɗu, bai kuma bari an manta ba.

Wasiƙarsa ta farko shafi biyu ce. Shiru. Ta biyu shafi uku. Shiru. Sai ya gano inda kuskuren yake: sun yi gajarta. Ta uku ya yi ta shafi huɗu, ya karanta wa manoma a gindin tsamiya. Shafin farko gaisuwa. Na biyu tarihin kogin. Ko kalma ɗaya ba wanda ya gane, don haka kowa ya yarda ta yi kyau.

Inna Barira mai suyar kifi a mashayar kogi ce kaɗai ta yi magana. Gonarta ce ta farko a bakin ruwa, da ita take ciyar da 'ya'ya biyar. Ba ta yi boko ba. Abin da ta iya na karatu, a jikin tsofaffin takardun da take naɗe kifi ta tsince shi, harafi bayan harafi, shekara da shekaru.

"Malam, ni ban ji inda ka ce kachala ba."

"Inna, ba a sa irin wannan kalmar ta ƙauye a wasiƙar hukuma."

Baba Fannami, shugaban manoma, ya ce a sa dai, albarkacin tsofaffi. Malam ya yi tsaki, ya yago wata takarda ya rubuta layi biyar a tsaye, ko ƙamus bai buɗe ba: sunan gari, abin da ya toshe, gonaki nawa, kafin yaushe, lambar wayar Baba Fannami. Aka dangwala yatsu a ƙasa. Ya cusa ta can bayan sauran, inda ba za ta ba shi kunya ba.

Gambo mai babur aka ba wa saƙon. Ambulan ta yi ciki har bakinta ya ƙi rufuwa, ya ɗaure ta a bayan babur da roba. A mashaya, yana jiran kwalekwale, Inna Barira ta kira shi.

"Kawo in sa maka a leda, ɗan nan, kada ruwa ya taɓa aikin Malam."

Ta juya baya ta ɗan jima, ta miƙo masa a ƙulle tsaf, ta yi masa addu'ar sauka lafiya. Gambo ya zura ta a aljihun riga ya hau jirgi.

A ranar nan Malam Mukhtar ya ce ya cancanci lada. Ya aika aka sayo masa soyayyar tarwaɗa a wurin Inna Barira, ya cinye da yaji yana ba maƙwabta labarin wahalar da Turanci ke da ita, ya goge hannu da takardar da aka naɗo kifin, ya jefa wa akuya.

Kwana shida aka kira Baba Fannami a waya. Sati biyu katafila ta iso.

Injiniyar da ta zo da ita, wata Aishatu, ta tambayi wanda ya rubuta wasiƙar. Malam ya gyara hula ya matso.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Koke ɗari biyu ne a teburina. Taka a tsaye na karanta ta, ban ko zauna ba."

Malam ya juya ya dubi jama'a. Kun ji ko, in ji idonsa, har tsayawa ta yi don girmamawa.

Daga ranar ba a ƙara samun lafiya ba. Ya buɗe aji a zaurensa, ya rubuta dokokin Turanci mai kyau a allo. Kada ka yi amfani da kalmar da manomi zai gane. Kada ka faɗi buƙatarka kafin shafi na uku, rashin kunya ne. Jimlar da za a iya karantawa da numfashi ɗaya ba jimla ba ce. Matasa daga Auyo har Kirikasamma suka riƙa zuwa suna kwafa, duk suna neman aiki da wasiƙu masu kauri, duk suna jiran amsa.

Damina ta zo, ruwa ya bi hanyarsa. Shinkafar Inna Barira ta yi kyau, ta fitar da zakka, ta aika wa Malam da kwano biyu na godiya. Har yau in ya wuce ta mashaya takan gaishe shi da ladabi, ta tambayi ɗalibai.

Ba ta taɓa gaya masa ba, kuma tana neman gafarar Allah a kai, cewa a ranar nan takarda ɗaya tak ta mayar cikin ambulan, mai layi biyar ɗin nan. Sauran huɗun ta naɗe kifi da su, kuma shafin gaisuwar nan, wanda ya fi alfahari da shi, shi ne wanda ya goge hannu da shi ya jefa wa akuya.