Littafin da Ba Ya Fita

"Yi haƙuri, ƙanwata," in ji ma'aikaciyar laburaren, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba a shiga ɗakin nan da goyo."

Ɗalibar ta gyara goyonta. Littafin da malaminsu ya ajiye wa 'yan aji guda ɗaya ne tak, a ɗakin nan ake karanta shi, ba a ba da aronsa. Ta daɗe tana bin layi, sai yau ya zo kanta, gobe kuma jarrabawa. In ta sake faɗuwa, makaranta za ta sallame ta.

"To Anti, bar ni in fita da shi baranda. Wallahi ko shafi ba zan lanƙwasa ba."

"Haka wani ya rantse bara. Har yau muna jiransa."

Na bayanta suka fara tsaki. "Malama, in ba ki shirya ba, ba mu wuri." Jaririyar ta motsa, ta soma ƙananan koke-koke. Ɗalibar ta juya za ta tafi.

Sai ta ji ƙarar jan katako. Ma'aikaciyar ce, fuska a murtuke, take turo wani ɗan teburi har tsakiyar ƙofa. Ta ɗora littafin ta ciki, ta dangwarar da kujera ta waje.

"Zauna. Shi littafin bai fita ba, ita jaririyar ba ta shigo ba. Ku kuma sai ku raɓa ta gefe."