Hoton da Za a Kai Jiratawa

Zuliha Maidawa, ƴar Tibiri mai shekara goma sha takwas, ta shiga shagon hoton Idirisa, mai neman aurenta, a Maraɗi ranar Juma'a, 9 ga Maris, 1956. Ta kasa zama. Ta shimfiɗa shafin mujallar Faransa mai hoton wata mata, da ta samo a lakwal, wato makarantarsu, kusa da hotonta, wanda zai kai wa iyayensa a Jiratawa.

"Dubi kumatun wannan, sumul," in ji ta. "Malam, ka goge mini zanen Gobirawan nan daga hotona."

"Shi na fara gani a fuskarki."

"Shi ƴan ajinmu suke yi wa dariya."

Idirisa ya miƙa mata alƙalamin gyaran hoto. "Goge da kanki. Amma idan Inna ta tambaye ni ƴar ina ce, me zan ce mata?"

Ta karɓa, ta shafe layi ɗaya. Fuskar ta soma zama ta baƙuwa. Ta ɗago kai, ta tarar idonsa yana kan kumatunta.

"Ranar Lahadi za ka kai?"

"Idan ke ce a ciki."

Ta ajiye alƙalamin, ba ta taɓa sauran layukan ba.