Murar Baƙuwa

Atishawar ba ta mutum ba ce, shi ya sa Tela ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Can cikin kwandon ƙyallaye Baƙuwa ce kwance, ido duk kwantsa, hanci na yoyo.

Baƙuwa mage ce fara tas. Wata rana da hantsi ta faɗo ta tagar kicin, ta miƙe ƙafa kamar ita ke biyan haya. Tela, da kaɗaici ya isa tun da mijinta ya tafi aiki nesa, ta ce ɓatacciya ce Allah Ya kawo mata. Ɓatacciyar kuwa gashinta har sheƙi yake, ba ta kallon ƙayar kifi sai tsoka, kuma la'asar na yi sai ta fice, sai washegari.

Matsalar guda ce, Baba Mai Bene. Shi ne mai gidan, yana zaune a sama shi kaɗai tun rasuwar matarsa, kuma dokarsa ko yaro ya haddace ta: ba dabba a gidansa. Kan zomo ɗaya tal ya taɓa watso wa wani ɗan haya kaya waje. Tela kuwa ɗakin nan shi ne shagonta, shi ne makwancinta. In aka kore ta, ina za ta kai keke?

Sai dai tsohon ma yana da nasa. Kullum da yamma Tela takan jiyo shi ta silin yana kashe murya: "Amarya, zo ki ci mana. Haba Amarya, fushi kike yi?" Ba wanda ya taɓa ganin amaryar, amma Tela ta ga dama ta tallata ta gida-gida. Duk wadda ta kawo ɗinki da labarin take komawa.

Tela ta cusa Baƙuwa a jaka sai wajen likitan dabbobi.

"Murar mutane ce ta kama ta," in ji likita. "Wa ke mura a gidanku?"

"Ni kaɗai ce, likita, kuma garau nake."

"To, wani dai ya rungume ta yana mata atishawa a fuska. Ki tsare ta a ɗaki har ta warke."

Tela ta dawo ta garƙame taga. Duk makon nan Baba tari yake a sama kamar zai tsage silin, yanzu kuma sai ga sintiri ya ƙaru, kai da kawowa ba hutu. Lallashin yamma ya ɗauke ɗif. "Amarya ta yi yaji," Tela ta raɗa wa maƙwabciyarta, suka tafa.

Dariyar ba ta je ko'ina ba. Da safe labari ya iso cewa Baba ya sauko, yana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin gado yake leƙawa. Tela ta miƙe zumbur. Wani munafuki ya kai ƙara, ba shakka! Ta danna Baƙuwa cikin kwando, ta jibga mata atamfofi, ta hau keke tana takawa da ƙarfi don ƙarar ta rufa mata asiri.

Aka ƙwanƙwasa. Baba ne, hanci ja wur, ido ya faɗa, hankici a hannu.

"Sannu da jiki, Baba."

Kwando ya yi atishawa. Tela ta yi maza ta ƙaƙalo tata, har da dafe kai. "Wallahi murar nan ta zaga gari, Baba."

Kwando ya sake. Wannan karon atamfa har motsi ta yi. Tela ta runtse ido, tana tunanin wa zai ba ta ajiyar keke.

Baba ya ture ta gefe, ya durƙusa gaban kwandon, ya ɗaga atamfofin. Farin kai ya leƙo.

"Amarya!" ya ce, ita kuwa ta yi tsalle ɗaya ta haye kafaɗarsa, ta yi masa atishawa a kunne.