Sadakar Mamaci

Gawar ta tashi zaune cikin makara, ta ture likkafani, ta miƙa hannu ta ɗauki waina.

Tsohuwa mai waina ta daskare. Ɗazun nan ta ga samari sun ratso garin 'Yandoto da makara suna sharar hawaye. Aka ce mata mamacin baƙo ne, ko aure bai yi ba. Tausayi ya sa ta juye musu wainar sayarwarta kaf, Allah ya kai ladan kabarinsa.

"Yi haƙuri, Inna," in ji mai riƙe da kyamara. "Ɗalibai ne mu daga Gusau, fim malaminmu ya sa mu yi."

"Fim ɗin ƙaniyarku! Ina wainata?"

Aka dubi faifai, sai maiƙo.

"Ai sadaka ba ta komawa, Inna," gawar ta ce, baki cike.

"Gaskiyarka, ɗan nan. Amma ni sadakar mamaci na bayar." Ta sunkuya ta zaro itace daga murhu. "Tunda babu waina, wallahi sai an ba ni mamaci."

Malamin bai gane abin da ya sa fim ɗin ya ƙare da gawa tana tsallake darni ba, amma nan ya fi yabawa.