Tuffar Bakin Shinge

Malam Ɗanjuma, tunda ka tambaye ni amfanin riƙe tsohon iri alhali sabo ya fi shi auki, bari in ba ka misali da abin da ya faru a wani ƙauye can kan tsaunukan Filato, inda sanyi ke barin tuffa ta yi 'ya'ya.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyen, mijinta ya rasu ya bar mata ɗan fili da bishiyar tuffa guda ɗaya a bakin shinge. Surukinta ne ya dasa ta tun zamanin haƙar kuza. Bishiyar ba ta da kyan gani. Gajeriya ce, a karkace, ɓawonta duk ya tsattsage. 'Ya'yanta ba su fi ƙwan kaza ba, kore-kore, gefe ɗaya kaɗai ke yin ja, ga tsamin da sai mutum ya runtse ido. Amma in aka zuba su a tukunya aka rufe da busasshiyar ciyawa, sai su kai wata uku, tsamin ya kwanta, ƙamshi ya cika ɗaki. A da kusan kowane gida akwai irinta. Sai aka kawo sabon iri daga waje, mai manyan 'ya'ya jajaye, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Nan da nan mutane suka bi tsofaffin bishiyoyin da gatari, matansu suka yi girki da itacen.

Maƙwabcin tsohuwar nan manomi ne mai himma, mai kirki kuma. Ya sayar da shanun nomansa, ya cika gonarsa da sabon dashe, layi bayan layi. Wata rana ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Iya, ki bari in sare miki wannan abar, in dasa miki biyar masu kyau. Kyauta."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma wannan ta ga fari, ta ga ƙanƙara, ba ta taɓa kwanciya ba. Naka ban san halinsu ba tukuna."

Ya yi dariya ya tafi. Har a majalisa ya ba da labari, aka yi ta dariya tare da shi.

Shekara uku gonarsa ta yi abin kallo, motoci suna zuwa har bakin gona. A ta huɗu damina ta yi nauyi, ruwa ya kwanta a ƙasa ya ƙi tafiya. Sai ganyen bishiyoyinsa ya fara yin rawaya tun daga layin gangare. Ya tona gindin ɗaya, ya tarar saiwar ta yi baƙi, tana murmushewa a hannu, tana wari. Kafin kaka rabin gonar ya mutu a tsaye, sauran kuma suna kan hanya. Ba shanu, ba hatsi a rumbu, ga iyali. Da malamin gona ya zo ya duba, ya ce rassan lafiyarsu lau, saiwar ce baƙuwa, ba ta san wannan ƙasa ba. In ana son tsira da irin, sai a yanko rassan da ke da rai a yi musu aure, wato a ɗaura su a kan gindin tuffar da ta saba da wurin. Manomin ya zagaya ƙauyen gida gida, ba abin da ya samu sai kututture. Guda ɗaya ce ta rage, tana tsaye a bakin shingensa, koriya shar.

Kwana biyu yana kaiwa ƙofar tsohuwar yana juyowa. A na uku ya yi sallama, ya durƙusa. Ba ta bari ya wahala ba. Ta ce, "Na ga gonarka, ba sai ka faɗa ba. Ɗauko fartanya." Ta kai shi gindin bishiyar, inda ƙananan tsirrai suka fito daga saiwa, ta nuna masa yadda zai raba su ba tare da ya ji wa uwar ciwo ba. Abu ɗaya ta roƙa, cikin kowane goma ya bar ɗaya ba aure, ta tashi da kamanninta.

Haka ya yi. Ya raini tsirran, ya tsaga kansu, ya cusa rassan sabon iri, ya ɗaure. Ranar da ya ga toho na farko ya fito a kan ɗaurin, sai ya zauna a ƙasa, hawaye suna zuba, yana ta hamdala. Daga gonarsa sauran manoman ƙauyen suka samu gindi, su ma suka farfaɗo. Tun daga lokacin tsohuwar ba ta ƙara ɗaukar fartanya ba. Shi ke nome mata fili, shi ke gyara mata rufi, kuma kwandon farko na kowace kaka gidanta yake kaiwa kafin ya ɗanɗana. Da ta rasu, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Har yau a ƙauyen, in baƙo ya tambayi sunan ƙaramar tuffar nan mai tsami, sai a ce masa 'Yar Iya.

To ka ji, Malam. Ka dasa sabo, ba laifi, amma ka bar wa tsohon wuri a gonarka. Hausawa sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.