Sandar Ƙaramar Giya

Da aka jawo motar ƙanensa daga kwazazzabo, makanikin bai dubi jinin da ke kan kujera ba. Hannunsa ya tafi kan sandar ƙaramar giya, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Sabuwa ce dal. Shi ya ɗaura ta shekaranjiya, don tsohuwar ta fara kuɓucewa.

"Yaya, motar ce ta ci amanarsa?" matar marigayin ta tambaya daga bakin gareji. "Cewa ya yi tunda kai ka gyara, ko ido rufe zai hau dutsen nan."

Ya shiga ƙarƙashin motar. Babu ƙarfen da ya karye, babu notin da ya kwance. Sandar tana baya, an ja ta har ƙarshe.

Shekara goma sha biyar ƙanensa yana bin hanyar. Da taya ta fara santsi, sai ya ja sandar baya, ko dubawa ba ya yi. Haka tsohuwar take. Sabuwar gaba ake tura ta, baya kuwa firi ne, inji ya saki tayoyi.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce, bai ɗago ba.

Bayan ta tafi, ya buɗe kwalin da sandar ta zo a ciki. Takardar da ake liƙawa gaban direba tana nan fes, jar kibiyarta na nuna gaba. Shekaranjiya ya ajiye ta ne sai ya wanke hannu, kada baƙin mai ya ɓata ta, bai koma ya liƙa ba.